Ido Guba

Ƙarfe biyu na dare a Cardiff,
ruwa na ƙwanƙwasa tagar ɗakin bincike.
Na ɗora tsatsar jan ƙarfe, baƙa ƙirin,
a farantin da bai kai farce ba,
na tura ta tulun da aka zuƙe wa iska.

Gethin ya kunna hasken eksire, ya tafi neman shayi.

A awon farko, tudu babba da ƙanƙane a gefensa,
ɗan rakiya,
shaidar ƙwayar lantarki biyu ta rasa.
Awo na biyar, ɗan rakiya ya rame.
Na sha biyu, ko sawunsa.

Ban taɓa ta ba. Kallo kawai na yi.
Hasken da na aika ya tambaye ta
shi ya cusa mata abin da ba ta roƙa ba,
ta amsa da sunan wata.

Goggo Tasalla ta sha faɗa, ido guba ne.
Na yi mata dariya a Gumel.

Yanzu na rage wuta, na kawo sanyin naitirojin,
na gusa inda haske bai taka ba.
Kallo ɗaya, gajere,
irin na surukai.