Katin Nomau

A rumfata ta bakin kasuwar Maraɗi
akwai tsohuwar na'ura da wani ofis ya yar.
Na wanke mata ciki, na zuba mata Linuks,
tsarin da ba a saye, ba a sata,
wanda ya iya ya ɗora nasa tubali.

Ran Talata Nomau ya taso daga Bagalam,
ya kwance ƙullin leda,
ga kati kamar farcen jinjiri.
"Tsahara ce a ciki, tana waƙar niƙa.
Bara da kaka muka rufe ta."

Na soka, na danna.
Na'ura ta ce ba ta jin wannan harshe.
Ashe da sauran makulli, kodek suke ce masa.
Na buɗe baƙin allo, na rubuta roƙo layi ɗaya,
rezo na jan ƙafa
kamar amalanken shanu a yashin gulbi.
Saba'in cikin ɗari, wuta ta ɗauke.

Nomau bai ce uffan ba.
Ya fasa goro, ya miƙo mini babban ɓarin.

Sai bayan la'asar aka maido ta.
Wani can, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba,
ya hana idonsa barci ya ƙera makullin,
ya ajiye a bakin hanya kamar randar sadaka.

Na sake dannawa.
Tari ya fara fitowa, sai gurzar dutse,
sai ita.

Na ture hannunsa da dala ashirin ɗin.
"To mayar baya kaɗan," in ji shi,
"akwai inda take dariya."