Kogin da Ya Juya

A littafi na biyu kogin Zarnaƙi gabas ya nufa,
a na biyar kuwa, yamma.
Lawandi ya ja wa wurin layi da jan biro,
ya same mu a shagon ɗinkin Istifanus a Kakuri,
an ɗauke wuta, kekuna sun yi shiru.

Istifanus ya ce koguna biyu ne,
suna ne kawai ya zo ɗaya.
Dije ta ce mai ba da labarin ne ya ƙetare gada,
hagunsa ta koma dama.
"Gabas dai gabas ce," in ji Lawandi,
"ko daga Kawo, ko daga Sabo."

Sai na tuna maƙeriyar nan
da ruwa ya ci a na uku,
ga ta a na shida tana zuga wuta, ba bayani.
Na ce, in kogi ya koma da baya
ai dole ya amayo abin da ya haɗiye.

Dije ta ajiye lemonta.
Lawandi ya ce, "Ko dai marubucin mantuwa ya yi?"
Muka yi masa caa.
Shekara tara muna zaune a Zarnaƙi,
har kuɗin gishirin kasuwarta mun sani,
ba za ta rushe don mai ita ya yi gyangyaɗi ba.

Da dare, a kan gada,
na leƙa kogin Kaduna.
Tafiyarsa yake inda ya saba.
Na daɗe a tsaye, ko zai yi kuskure.
Akwai wanda ya ɗaukar mana damunar bara.