Ƙofar da Ta Ƙetaro Teku

Kwana arba'in akwatunan suka yi a Apapa
kafin kwastan su gaji da su.
Ranar da muka ɓalle na farko
ƙamshin wani daji ya fito, dajin da ban taɓa shiga ba,
gauraye da gishirin teku da tsohuwar jarida.

Mangilal ya ce a dakata.
Tsoho ne siriri, gashin baki fari fat.
Ya tuɓe takalmansa a kan tayil mai sanyi
sannan ya kai hannu.
Ni da na zo aikin kwana goma daga Idi-Araba,
zarto da guduma a buhun shinkafa,
na ce a raina: katako ne fa, baba.

Ƙofa ce. Mu shida muka ɗaga ta.
Furanni sun hau kan juna a jikinta,
ga ɗawisu biyu, ga wani reshe
da ido ke bi har ya manta inda ya faro.
Shekara uku, ya nuna mini da yatsu,
shi da ƙanensa, wanda bai ga ƙarshenta ba.

Madam Morenike na zagayawa, waya a kunne.
Baƙi na son natsuwa, in ji ta,
natsuwa ake saya yanzu a Ikoyi.
A jera fitilun tagulla a bakin lifta,
amma ban da mai, ban da lagwani,
inshora ta hana, a sa musu ƙwai.
Tsoho ya ga wayar lantarki na shiga gurbin mai,
bai ce uffan ba.
Ya goge tagullar da gefen rigarsa.

Ba ni da yarensa, ba shi da nawa.
Turancinmu gurgu ne, da hannu muke tallafa masa.
Kafin ya fara aiki yakan kai wuƙar sassaƙa goshinsa,
ni kuwa in yi bisimilla.
Nasa daban, nawa daban, ba mu taɓa cakuɗawa ba.
Amma in azahar ta yi, shi ke nuna mini agogo,
ya share mini wuri bayan buhunan siminti.

A kwana na shida muka ga ɓarnar:
kunnen fure ɗaya ya karye a hanya.
Ya tsuguna gabansa kamar mai gaisuwar mutuwa.
Na lalubo guntun iroko a buhuna,
ragowar wani benci da na yi wa mai shayi.
Ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne,
ya zauna da shi har la'asar sakaliya.
Hannunsa na kallo, sai na ga na mahaifina
yana ƙona zane a bayan ƙwarya,
leɓe na motsi, ba ka jin abin da yake faɗa.

Sabon kunnen ya zauna daram, amma ya fi 'yan'uwansa duhu.
Madam ta ce a shafe shi da fenti.
Tsoho ya tsaya tsakaninta da ƙofar,
ya girgiza kai sau ɗaya.
Ranar ce kawai na ga ta sauke waya.

An biya ni, ya hau jirgi.
Otal ya buɗe, ɗaki ɗaya kuɗin hayata na shekara.
Sun ce baƙi na tsayawa ɗaukar hoto a gabanta,
wasu kuma sukan yi shiru, ba su san dalili ba.

Jiya danfo ta maƙale da mu a gaban get ɗin,
ruwa na zuba, kwandasta na zagin wani.
Na leƙa ta gilashi, ban hango komai ba sai mai gadi.
Amma na san inda yake:
hannun hagu, daidai ƙirjin mutum,
fure na bakwai in ka ƙirga daga ƙasa.