Kalma Mai Harafi Biyar

Ranar Laraba, darasi na uku,
a ajin da rufinsa ke yoyo a Aujara,
na ɗauki guntun alli na rubuta ta a allo,
kalmar Turanci mai harafi biyar.
Ƙamus ya ce fuska biyu gare ta:
a tsayar da dukiya ta yi ta amfanar jama'a,
ko a halicci mutum da abin da bai saya ba.

Na ce, wa zai juya mana ita da Hausa?
Shiru. Sai ƙarar injin niƙa daga bayan katanga.

Hansatu ta ce, "Kyauta."
Na ce kyauta goro ce, ka tauna ka tofar.
Lauwali ya ce, "Gado."
Na ce gado sai an yi kuka tukuna.

Sai Ilu, na bencin ƙarshe,
wanda na ba sifiri a jarrabawar da ta wuce,
ya ce, ko kansa bai ɗago ba,
"Malam, rijiyar Tasallah."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Tasallah, shekara talatin tana tuyar ƙuli,
ba ta bar ɗa ba, balle jika.
Ta sayar da shanunta biyu aka haƙa,
gaba goma sha ɗaya kafin a tadda ruwa.
Ta ce kada a sa murfi mai kwaɗo.
Ta ce gonarta ta bakin fadama,
duk abin da aka noma a ciki
a sayi guga, a sayi igiya, a biya mai yasa.
Shekara tara ke nan tana ƙasa
gugan bai taɓa kwana a bushe ba.

Na rubuta wakafi, na ja masa layi.
Aka kaɗa ƙararrawa
fuska ta biyu ba mu taɓa ta ba.

Da la'asar babur ɗina ya mutu a hanyar Jahun.
Na buga, na buga, gumi har cikin ido.
Ga Ilu da damin harawa a ka.
Ya sauke. Ya ce in sake bugawa.
Ya kara kunne kamar mai sauraron gulma,
ya ce, "Ba fulogi ba ne, iska yake sha."
Da bakin cokali ya murɗa wani abu,
babur ya yi tari, ya tashi.

Ubansa majemi ne, bai taɓa riƙe sufana ba.
Na ce, wa ya koya maka?
Ya ce, "Ji nake yi kawai."

Mutanenmu sukan ce Allah ya hore masa,
sukan ce baiwa ce, ba a zuwa kasuwarta.
Na san kalmomin tun ina yaro,
ranar na ga sun sauke harawa a gabana.

Da dare na kunna tocila na binciko takardarsa.
Ga sifirin da na zana da jan biro,
zagayayye, a buɗe,
kamar bakin rijiyar da ban leƙa ba.