Kilo Tara

Ni ke ɗaura masa kara tun yana ɗan sha huɗu.
Na san hannun Sabitu fiye da nawa:
tabon wuƙar fawa a gindin babban yatsa,
jijiyar da ke miƙewa in kalangu ya ambace shi.

Shekara uku babu wanda ya kai shi turmi na uku.
Na Zango ya zo, ya dafa ƙasa.
Na Mai'adua ya zo da 'yan rakiya mota biyu,
suka koma tsit, ko rediyo ba su kunna ba.
Yanzu in aka ce Sabitu ne a fili,
mai shayin bakin ƙofa ba ya ƙara gawayi,
ya san kafin ruwa ya tafasa an watse.

Jiya da la'asar, nan Mazoji,
wani mai farar shadda ya zo da takarda.
Ka cinye ajinka, in ji shi, hau na sama,
can kuɗin suke,
kilo tara ne kawai tsakani.

Kawai!
Ni mahauci ne ɗan mahauci,
a gaban sikeli na yi furfura.
Kilo tara akuya ce guda, an feɗe, an cire kayan ciki.
Ɗaura ta a damtsen ƙato,
ya sakar maka ita a muƙamuƙi,
sannan ka zo ka ce mini kawai.

'Yan zuga sun cika rumfa.
Wai zakaran da ya gama da na gidansu
sai ya haura katanga.
Na ce haka ne, amma muzuru ma a bayan katangar yake kwana.
Wai kada ya ƙare kifin rijiya.
Na ce to, ku masana gulbi,
wa ya taɓa ganin ƙafarku a ruwa?

Sai dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba.
Daren da ya kashe na Baure
bai taka rawa ba, bai ko ɗaga hannu ba.
Ina warware masa kara ya ce,
Baffa, duba, ko gumi ban yi ba.
Na duba. A bushe yake kamar kilishi.
Kuma na sani,
wuƙar da ba ta gamuwa da dutse
a cikin kube take mutuwa.

Mu biyu ne a wajen uwarmu.
Ni na tsaya inda Allah ya auna ni,
gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba,
yau ko yaran layinmu ba su san na yi dambe ba.
Ubansa kuwa ya nemi wanda ya fi shi,
ya faɗi a Katsina gaban dubu,
har gobe ana ba da labarin wannan faɗuwa
kamar nasara.
Amma ni ke riƙe masa kofin koko da safe,
don hannun rawa yake,
kuma sai ka zagayo ta kunnen dama yake jinka.

Wanne zan miƙa wa yaron?

Tabawa ba ta ce komai ba.
Da dare ta ƙara masa malmala ɗaya,
ta tsaya tana kallon kwanon,
ta ɗauke,
ta sake mayarwa.

Yau da sassafe na hango shi wajen masu hatsi,
ya tuɓe takalmi, ya hau sikelin buhuna.
Allurar ta yi ta rawa, ta ƙi tsayawa,
shi ma bai sauko ba.

Ban kira shi ba.
Na wuce rumfar Ilu mai igiya,
na sayi sabon kara,
na ce a ƙara mini kamu ɗaya a kan na kullum.
Yana aljihuna.
Ban gaya wa kowa ba,
kuma ban ce na yarda ba.