Minti Uku

Minti uku aka ba Muniratu.
Na ce, minti uku?
Ko albasa ba ta risina a mai a minti uku.
Shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta
da ribar shinkafa da wake a bakin titin Aboabo,
sai a ce ta juye abin da ta karanta
kafin wani ya kaɗa ƙararrawa?

Mako guda tana gwaji a kaina.
Ina tsince wake, tana tsaye da agogon waya,
tana jero sunayen sinadarai
masu tsawo kamar layin mota a Kejetiya.
Na ce, ke, wa kike wa magana?
Ni dai ban ji ba, kajin ma sun watse.
Ta zumɓura baki, ta shige ɗaki.

Da asuba ta fito, ido a kumbure,
ta tsuguna gefen murhuna.
Mma, me ya sa kike jefa kanwa bayan karan dafi?
Na ce, haka na ga uwata na yi.
In ba ki sa ba fa?
Sai ta fito ɗashe-ɗashe kamar abincin mai jinya,
kowa ya leƙa ya wuce.
Ta yi shiru.
Ta roƙi kanwa ƙulli ɗaya.
Na ce a rubuta bashi.

Ranar gasar na kifa tukunya,
abin da ban yi ba tun haihuwar autana.
Torotoro biyu ya kai ni jami'a.
Ɗakin sanyi kamar randa,
alƙalai uku, kowa da biro a baki.

Ta hau da kofunan gilashi biyu,
jiƙon karan dafi a cikin kowanne.
Turancin ya fi ni gudu, na kama na kamawa.
Ta matsa lemun tsami a na hagu,
ya koma ruwan goro.
Ta ɗiga ruwan kanwa a na dama,
ya yi ja, ya ƙara ja, jan da na sani,
wanda ke tsayar da direba ya bar fasinja a mota.
Ɗaki ya ce, ah!
Ta ce launin yana da kunne,
yana sauraron ruwan da ya faɗa ciki:
tsami ya yi magana, ya sake riga,
kanwa ta yi magana, ya sake wata.
Kanwa ta ce, da bakinmu, ba ta juya ta ba,
har wata Ba'ashantiya a gefena ta zungure ni:
kawu ke nan, ko?

Tana cikin faɗin wadda ta koya mata,
hannunta ya fara nuno layinmu,
ƙararrawa ta katse ta.
Gara haka. Mayafina ba na fita ba ne.

Ba ta ci ba.
Wani Kwadwo, ɗan Obuwasi, shi ya ɗauka,
da kwalbar ruwan rafin garinsu
wanda masu haƙar zinari suka mai da kunu.
Da ya ɗaga kwalbar ba wanda ya yi tari.
Ko ni ce alƙali, shi zan ba,
amma ban faɗa mata ba a mota.

Yau ƙarfe uku na dare na hura wuta.
Shekara ashirin da shida
ina jefa kanwa ina juya baya in ɗauko ludayi.
Yau na tsaya.
Na haska tocila cikin tukunya,
na ga jan yana tasowa daga ƙasa, a hankali,
kamar wanda aka kira sunansa.

Wake ya kusa kamawa.
Bashin kanwata kuwa har yanzu ba a biya ba.