Tafintan da Ya Sallami Mai Gadi

Ƙarfe biyun dare a Farin Gada.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya zauna mini a yatsu.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni, da shayin da ya huce,
da na'urar awon jini da ta kwana uku tana suma
ba gaira ba dalili.

Na buɗe ƙwayar manhajar, can ciki,
inda ba uwa ba uba, in ka faɗi ba mai tare ka.
Ga layin nan, da hannuna na rubuta shi bara waccan:
in adireshin nan fanko ne, tsaya, koma da baya.
Mai gadi ke nan na ajiye a bakin rijiya.

Na leƙa abin da tafinta ya miƙa wa inji.
Babu mai gadi.
Ko tabarmarsa babu.

Kangyang ta ce ta waya, murya cike da barci:
Hau layi biyu sama, Mudassir, me ka yi a can?
Na hau. Ashe na riga na zura guga
kafin in tambaya ko akwai rijiyar.

Shi kuwa tafinta ya yi lissafinsa:
wanda ya ɗebi ruwa ai ya san da rijiya,
tambayarsa ta baya ɓata lokaci ce.
Ya share ta.
Ya rage mini abin da bai kai ƙiftawar ido ba,
yana tsaye yana jiran tukwici.

Na ce ya ci amana. Ta yi dariya.
Kundin ƙa'ida cewa ya yi, in ka taka nan
ba a faɗi abin da zai biyo ba.
Ba a ce wuta ba, ba a ce lafiya ba.
Shiru aka yi, shi kuma ya ga shirun fili ne, ya nome.
Tsohon tafinta rago ne, in ji ta,
yana maimaita ka har da wautarka, shi ya sa ka tsira.
Wannan sabon ya yarda ba ka kuskure.

Sai na tuna kakana, tafinta a kotun lardi zamanin kuza,
mai taƙaita zancen shaidu
don alƙali na son tashi kafin azahar.
Wata rana ya yar da "idan" guda ɗaya,
wai ai kowa ya gane.
Gonar wani ta tafi a kan wannan idan.
Har ya rasu yana cewa bai yi ƙarya ba.
Bai yi ba kuwa.

Na sauko da guga ƙasan tambaya.
Na ja wa tafinta kunne: a gidan nan
kada ka ƙara sallamar kowa da sunan sauri.
Mai gadi ya dawo ya zauna kamar bai je ko'ina ba.

Asuba. Motocin kabeji da karas sun fara sauke kaya a kasuwa.
Na'urar tana numfashi daidai.
Ni ne barci ya ƙi,
ina tunanin kududdufan hanyar Bukuru,
ruwa kwance, lumui, ba wanda ya rubuta zurfinsa,
da sauran layuka miliyan nawa
da ban hau sama na duba ba.